Masu Sayar da Shawara: Wa Ya Taɓa Ganinsu a Kasuwar Gure?

A watan Disamba na shekarar 1852 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdul Karim, ya sauka a Gure baƙon Muniyoma Koso. Ya zo a kan doki, ya sha ƙurar hanya, ya dubi duwatsun Muniyo da kwaruruwan kanwa da idonsa, ya yi tambayoyi, ya rubuta abin da ya gani, sa'an nan ya wuce Damagaram. Ko me za a ce game da manufar waɗanda suka aiko shi, abu guda ba shi da musu: mutumin ya tako ƙasar kafin ya yi magana a kanta. Yau, bayan shekaru fiye da 170, ga kwalta tun daga Yamai har Difa, ga motoci kat-kat masu sanyi, amma an samu wani sabon jinsin masana da ke tsara wa mutumin Gure abin da zai saya da abin da zai latsa a salularsa, alhali ba su taɓa kwana a garin ba.

Sana'ar tasu sabuwa ce a ƙasar nan, kuma kashi biyu ce. Akwai masu ba kamfanonin fasaha shawara kan dabarun haja, wato wace manhaja za a ƙera, don wa, a kan nawa, da me za a fara, me za a bari. Akwai kuma masu horar da shugabannin kamfanoni, waɗanda ke koya wa matashi yadda zai riƙe ma'aikata, ya yanke shawara, ya tsaya gaban masu jari. A asalinta sana'a ce ta halal, domin babu abin da ke kashe ƙaramin kamfani da sauri kamar ya ƙera abin da babu mai so. Ta shigo Nijar ne tare da guguwar zamani: an buɗe cibiyar renon ƙananan kamfanoni ta CIPMEN a Yamai a 2014, an kafa hukumar ANSI a 2017 da shirinta na Niger 2.0 da gasarta ta E-Takara, sa'an nan a watan Yuli na 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin ƙauyukan zamani, wanda aka tsara zai kai rezo ga ƙauyuka fiye da 2,000. Babu mai hankalin da zai yi tir da waɗannan ƙofofi da aka buɗe wa matasa. Abin tir shi ne cinikin da ya tsiro a bakin ƙofofin, inda ake sayar da shawara ga wanda ba shi ne zai biya ba, a kan jama'ar da ba a tambaye su ba.

Wa ke biyan mai kiɗa?

Duk wanda ya san tarukan ƙara wa juna sani a ƙasar nan ya san yadda abin ke gudana. Ana kama ɗakin taro a otel, a rataya kyalle mai tambarin masu ba da tallafi, a raba jakunkuna da alƙaluma. Mai ba da horo ya haska hotuna a bango, ya jero kalmomin Faransanci da aka aro daga Ingilishi, matasa su manna ƙananan takardu masu launi a jikin allo. Ranar ƙarshe a ɗauki hoton haɗin gwiwa, a miƙa takardar shaida, a sa hannu a karɓi kuɗin zama. Kowa ya watse yana murna.

To, a cikin wannan ciniki wane ne mai saye? Matashin da aka horar bai fitar da ko dala ba. Manomin da aka ce don shi ake ƙera manhajar bai ma san an yi taron ba. Mai biya shi ne furoje, kuma abin da furoje ke bukata shi ne rahoto: matasa kaza aka horar, mata kaza a cikinsu, taro kaza aka gudanar. Mai kiɗa kuwa wanda ya ba shi kuɗi yake wa kirari. Saboda haka mashawarci ya ƙware wajen gamsar da ofishin da ke sa hannu a takardar biyansa, matashi kuma ya koyi darasin da ya fi kowane cutarwa, cewa abokin cinikinsa na gaskiya alƙalin gasa ne. Daga nan sai ya bar neman mai saye ya shiga neman lambar yabo, yana yawo daga wannan gasa zuwa waccan da manhajar da ba ta taɓa shiga aljihun talaka ba.

Hatsarin irin wannan gini ya fito fili a watan Agusta na 2023, lokacin da Bankin Duniya ya dakatar da fitar da kuɗi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sauran masu tallafi da dama suka bi sahu. Kamfanin da makiyayi ke biya yana iya jure irin wannan girgiza, tun da makiyayi bai daina sayar da rago ba. Wanda rayuwarsa ta rataya ga tallafi kuwa, ranar da aka rufe famfo ranar zai fara jin ƙishirwa.

Abin da kasuwa ta riga ta faɗa

Abin takaici shi ne amsar da ake biyan miliyoyi don nemowa tana nan a fili tun tuni. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, wato shekarun da salula ke shiga ƙasar gari bayan gari. Ta gano cewa zuwan rezo ya rage tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma amfanin ya fi yawa a kasuwannin da ke nesa, masu wahalar hanya. Babu manhaja a lokacin, babu mashawarci. Ɗan kasuwa ne ya ɗauki waya ya kira ɗan'uwansa ya tambayi kuɗin tiyar gero kafin ya ɗauki hayar mota. A shekarun 2009 da 2010 kuma, a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Doso da Damagaram, an gwada haɗa karatun yaƙi da jahilci da koyon amfani da ƙaramar salula, sai aka ga manyan da suka koyi salular sun fi takwarorinsu riƙe karatu da lissafi. Dalili a bayyane yake: abin ya shiga harkarsu ta yau da kullum.

A dubi batun aika kuɗi. A ƙididdigar Bankin Duniya ta 2017, kimanin kashi 16 cikin ɗari kacal na manyan Nijar ke da asusu, na banki ko na waya. Amma duk wanda ya taɓa jiran saƙo daga ɗan ci-rani ya san sunayen Al Izza da BNIF Afuwa da Nita da Amana. Kamfanoni ne na ƴan ƙasa, waɗanda suka lura da abin da talaka ke so: ɗaki a kusa da tasha, mutum mai jin harshensa a bayan kanta, da kuɗi a hannu nan take. Sai da suka kafu a haka kafin wasunsu su fito da manhajar salula. Sun fara da amana, fasaha ta biyo baya.

Haka labarin yake a Kenya. An fara gwajin M-Pesa a 2005 da nufin masu cin ƙananan bashi su riƙa biya ta waya. Da aka duba abin da mutane ke yi da shi, sai aka tarar suna ta tura wa junansu kuɗi. Masu shirin suka ajiye tsarin da suka zo da shi, suka bi jama'a, suka ƙaddamar da shi a 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. A nan gida ma akwai Abdu Maman Kane na kamfanin Tech-Innov, wanda ya ƙirƙiro hanyar da mai lambu zai kunna injin ban-ruwa ko ya kashe shi da salularsa daga nesa. Ya samu kyautar Orange a 2011 da babbar kyautar ruwa ta Sarki Hasan na Biyu a 2015, amma tushen abin wahalar mai lambu ce, wadda duk mai noman rani a kwaruruwan Gure ya san ta a kafaɗunsa.

Dillalin da ake son kashewa

A ɗauka wani matashi ɗan Gure ya gama karatun kwamfuta, ya yi niyyar ƙera manhajar cinikin dabbobi don kasuwannin Subdu da Gidigir. Ya tafi Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1,000, an haɗa shi da mashawarci. Shawarar farko da zai ji ita ce wadda ke cikin kowane littafin sana'ar: a cire ɗan tsakiya, a haɗa mai saye da mai sayarwa kai tsaye. A kan allo magana ce mai daɗi. A kara kuwa, ɗan tsakiyan nan sunansa dillali, kuma la'adarsa ba ta banza ba ce. Shi ne mai masaukin makiyayin da ya fito daga daji, shi ne mai fassara tsakanin Bafulatani da Batube da Bamange da Bahaushe, shi ne ke tsaya wa mai saye cewa raƙumin nan ba na sata ba ne, shi ne kuma ke lamunin bashi har falke ya dawo daga Maigatari ko Nguru. Manhajar da ta cire shi dole ta ɗauki waɗannan nauye-nauye duka, in ba haka ba ta cire ginshiƙi ta bar rufi a sama.

Ba nan matsalar ta tsaya ba. A ƙasar da waɗanda suka iya karatu da rubutu cikin manya ba su kai 4 cikin 10 ba, an ba yaron shawara ya cika fuskar manhajarsa da rubutun Faransanci, alhali jama'a sun riga sun zaɓi saƙon murya na WhatsApp. A ƙasar da masu wutar lantarki ba su kai 1 cikin 5 ba a 2021, an tsara masa abin da ke shanye batir cikin yini guda, alhali cajin waya a ƙauye kuɗi ne. An yi masa lissafin riba da sefa zalla, alhali cinikin gabashin ƙasar nan yana numfashi ne da naira: rufe iyakar Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sun koya wa kowane falke wannan darasi da bulala. Waɗannan abubuwa ba asiri ba ne. Yini uku a gindin rumfar dillalai sun isa a gane su. Amma yini ukun nan babu su a cikin kwangilar mashawarci, domin babu otel a kara.

Kuma Gure ba ta rasa matsalolin da fasaha za ta iya taɓawa ba. Rairayi na binne kwaruruwan da ake noman dabino da rogo da kayan miya, har aka yi shiri na musamman, PLECO, don kafe tuddan yashi a yankunan Gure da Maine-Sorowa. Makiyayi na bukatar sanin inda ciyawa da ruwa suke kafin ya kora garke. Mai kanwa da mai ƙaro na bukatar sanin farashin Kano kafin su sallama. Matashin da ya warware ɗaya daga cikin waɗannan, da murya, cikin Barbarci da Fulatanci da Hausa, a kan ƙaramar waya, ba zai yi bara a gaban alƙalan gasa ba.

Shugabanci a kwana uku

Sai ɓangare na biyu, horar da shugabanni. Wanda ya ji yadda ake tallarsa zai zaci ƙasashen nan ba su taɓa sanin jagorancin kasuwanci ba sai da aka ƙirƙiro na'urar haska hoto. Ayarin fatake da ke kai kanwar Muniyo da gishirin Mangari ƙasar Hausa, ko masu zuwa Gwanja sayen goro, kamfani ne mai tsari: madugu na yanke shawara yana sasantawa da sarakunan hanya, jagaba na gaba yana duba zango, uban dawaki na kula da biyan fito. Babu wanda ya zama madugu da takardar shaida. Alhazan Maraɗi ma haka suka taso, yaro ya yi shekaru a hannun ubangida, a aike shi da kaɗan a ga amanarsa, a ƙara masa, har ranar da za a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Ubangida na horar da yaronsa da gaske saboda in yaron ya yi asara, dukiyarsa ce ta tafi.

Wannan tsari yana da nasa ciwo, kuma ɓoye shi yaudara ce. Lissafi na zaune a kan mutum guda, aljihun gida da na shago a haɗe suke, mata ba su cika samun shiga ba, kuma sau da yawa ranar da aka raba gado ranar ake binne kasuwancin. Nan ne mai horarwa na ƙwarai zai yi amfani, in da zai zauna ya gyara. An kuma gwada an gani. A Lome ta ƙasar Togo an raba ƙananan ƴan kasuwa 1,500 kashi uku, aka buga sakamakon a 2017: waɗanda aka koya wa zafin nema da tunkarar matsala da kansu, ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari a shekaru biyu, waɗanda aka ba darasin kasuwanci na al'ada kuwa kashi 11 ne, wanda masu binciken suka ce bai kai a dogara da shi ba. A Indiya, masaƙun da mashawarta suka shafe wata biyar a cikinsu suna bin injuna da rumbunan zare sun samu ƙarin aiki na kashi 17 cikin ɗari a shekarar farko. A Nijeriya kuma, gasar YouWiN da aka fara a 2011 ta ba waɗanda suka yi nasara jarin da ya kai kimanin dala 50,000 kowanne, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna kuɗin ne ya sa kamfanoninsu suka rayu suka ɗauki ma'aikata. Darasin a dunƙule: shawara na aiki in mai ba da ita ya daɗe a wurin, in abin da ake koyarwa an gwada shi, in kuma akwai jari a bayanta. Taron kwana uku ba shi da ko ɗaya daga ciki.

Tsohon ciwo, sabuwar riga

Waɗanda suka ga zamanin taron ƙasa na 1991 da karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ba za su yi mamaki ba, don sun taɓa ganin wannan rawa. A wancan lokaci ma'aikatu cike suke da ƙwararrun ƙetare, albashin ɗaya ya fi na ma'aikatan ofis ɗin gaba ɗaya. A 1993 hukumar UNDP ta fitar da rahoton Elliot Berg da ya nuna cewa wannan taimakon ƙwararru bai gina ƙwarewar ƴan ƙasa ba, kuma a shekarar ce mataimakin shugaban Bankin Duniya mai kula da Afirka, Edward Jaycox, ya fito fili ya ce tsarin rusa ƙwarewar yake yi. Shekaru talatin sun wuce, an canza kalmomi, an canza tufafi, wani lokaci ma mashawarcin ɗan ƙasa ne, amma ƙa'idar tana nan: a biya mai shawara ko an ci ko an faɗi.

Girman suna ma ba kariya ba ne. A Afirka ta Kudu kamfanin McKinsey ya mayar wa kamfanin lantarki na Eskom kusan rand miliyar 1 a 2018 bayan tonon asirin kwangilarsu, kuma a 2022 baitulmalin ƙasar ya haramta wa kamfanin Bain kwangilar gwamnati saboda rawar da ya taka a hukumar haraji. In manyan duniya sun yi haka a ƙasar da ke da kotuna masu ƙarfi da jaridu masu haƙori, me zai hana ƙanana yin abin da suka ga dama a inda babu mai tambaya?

Sharuɗɗa huɗu

Hukumomi da masu tallafi da cibiyoyin renon kamfanoni suna da ikon gyara wannan ciniki ba tare da sun kashe ƙarin ko tamma ba. Na farko, kada a biya mashawarcin da bai kwana a inda masu sayen hajar suke ba. In manhajar ta makiyaya ce, a gan shi a kara, ya kawo sunayen kasuwannin da ya zauna da abin da ya ji. Na biyu, a riƙe wani kaso na ladansa sai bayan shekara, a biya shi gwargwadon masu sayen da kamfanin ya samu da kuɗinsu. Na uku, duk cibiyar da ta ci kuɗin jama'a ko na tallafi ta buga a jarida kamfanoni nawa ta rena, nawa ke raye bayan shekara uku, mutum nawa suke biya albashi. Na huɗu, a karkatar da kuɗin otel da na kyallaye zuwa jari, a kuma sa tsofaffin ƴan kasuwa da dillalai da shugabannin ƙungiyoyin mata cikin masu tantance hajar, tun da su ne suka san abin da jama'a za su fitar da kuɗi su saya.

Mashawarcin kirki ba zai ji tsoron waɗannan sharuɗɗa ba, hasali ma su ne za su raba shi da ƴan cin taro. Matasan Gure da Kelle da Bune masu sha'awar wannan fage kuwa, kafin su biya kuɗin mota zuwa Yamai, akwai makarantar da ke ci kowane mako a bayan gidajensu, kuma ba ta karɓar kuɗin rajista. Wanda ya zauna a cikinta da littafi da alƙalami, ya tambayi mai kanwa da mai raƙumi da mai tuyar ƙosai abin da ke ci masu tuwo a ƙwarya, ya riga ya yi rabin aikin da ake kira dabarun haja. Sauran rabin shi ne ya koma wurinsu da abin da ya ƙera, ya ga ko za su sa hannu a aljihu.